Kaset ɗin Led Zeppelin na Earls Court: a sake shi cikakke ko a bar shi inda yake?

MaiFaifai_Fagge
Salamu alaikum 'yan zaure. Maganata a kan Led Zeppelin ce, ƙungiyar kiɗan rock ta Ingila, na san akwai masu jin su a nan ko da ba mu da yawa.

A watan Mayun 1975 sun yi dare biyar a zauren Earls Court da ke Landan, ranakun 17, 18, 23, 24 da 25. Kowane dare mutum wajen 17,000, kowane wasa ya haura awa uku. Saboda girman wurin aka kafa ƙaton allo a saman dandamali don na can baya su riƙa ganin fuskokinsu, kuma abin da kyamarori ke aikawa allon an naɗe shi a kaset. To da suka tashi fitar da DVD ɗinsu a 2003, waƙa shida kacal suka tsakuro daga ciki, ko awa ɗaya ba su cika ba. Wasansu na filin Knebworth a Ingila na 1979 ma haka, dare biyu suka yi, waƙa bakwai aka ba mu. Na Seattle ta Amurka na 1977 kuwa ko waƙa ɗaya cikakkiya ba su ba mu daga ciki ba.

Sauran yana hannun 'yan kwafi, hoto dishi-dishi, sauti na sama yana ƙasa. Ni a ganina lokaci ya yi da za su fitar da dare ɗaya cikakke, daga sallama har sallama. Mai gangarsu John Bonham ya mutu tun 1980, zauren Earls Court kansa an rushe shi, mai jitarsu Jimmy Page ya haura shekara 80. Kaset kuma ba ya jiran kowa. Me ake jira?

Zango_Kumasi
Wa alaikumus salam. Ina bayanka ɗari bisa ɗari. A 2025 da suka ce za su fitar da wani abu don cikar faifansu na 1975, Physical Graffiti, shekara 50, na ɗauka yanzu kam za a buɗe rumbu. Sai ga ɗan faifai mai waƙa huɗu, dukkansu kuma waɗanda ke cikin DVD ɗin 2003 ne. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Hajjo_KD
Ni tambayata ɗaya. Wa ya ce haƙƙinmu ne? Mutum ya yi aikinsa, ya duba, ya zaɓi abin da ya gamsu da shi ya ba mu. Wanda bai gamsu da shi ba ya ajiye. Sai mu ce dole ya fito da shi?

MaiFaifai_Fagge
@Hajjo_KD Hajiya, ba dole na ce ba. Amma wannan ba a ɗaki aka yi shi a ɓoye ba. Mutum wajen 85,000 ne suka biya kuɗi suka kalla da idonsu. Abin da aka yi a bainar jama'a wane rufin asiri ya rage masa?

Tsohon_Ɗalibi
Ku gafarce ni 'ya'yana, ban cika magana a nan ba, karatu kawai nake yi. Amma wannan kam sai na sa baki, domin ina cikin waɗancan mutanen.

Ina ɗalibi a arewacin Ingila a lokacin. Wani abokin karatuna Bature ne ya samo mana tikiti, fam biyu da rabi, muka hau jirgin ƙasa zuwa Landan. Kujerarmu can sama take, mutanen nan huɗu sun zama ƙanana a idona, don haka allon nan da kuke magana shi na fi kalla. Ban taɓa ganin irinsa ba kafin ranar. Ana tsakiyar wasa sai suka bar manyan kayan kiɗa, aka jera musu kujeru a bakin dandamali, suka zauna kusa da juna da jita marar lantarki, mawaƙinsu Robert Plant yana hira da jama'a kamar a falonsa yake. Wannan ɓangaren an sa shi a DVD, na gani, na kuma ji daɗi. Amma abin da ba a sa ba shi ne tafiyar daren kanta: yadda aka fara da ƙarfi, aka sauka, aka sake hawa, lokacin da Page ya ɗauki sandar goge yana jan ta a kan jita koren haske yana ratsa hayaƙi. Waƙa shida da aka tsinto ba za su nuna maka haka ba.

Wasu na cewa akwai kurakurai a wasan. Mai yiwuwa. Mu da muke ciki ba mu ji su ba.

Zango_Kumasi
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ashe akwai ganau a cikinmu.

Injiniya_Sauti
Baba mun gode. Bari in kawo ɓangaren aiki, don akwai abin da ya kamata mu rarrabe.

Wasan Royal Albert Hall na 9 ga Janairun 1970 a fim aka ɗauke shi, mai faɗin milimita 16. Na Madison Square Garden na Yulin 1973 a fim mai milimita 35. Fim kana iya sake ɗaukar hotonsa da na'urar zamani ka samu tsabta mai yawa, domin bayanin yana jikinsa tun asali. Earls Court da Knebworth kuwa a kaset ɗin bidiyo suke, mai faɗin inci biyu, irin na gidajen talabijin na wancan zamani, layi 625. Abin da kaset ya kama shi ke nan, ba ƙari. Za ka iya wanke shi, ka gyara launi, amma in ka sa shi a ƙaton talabijin na yau sai ka ga iyakarsa.

Na biyu, wanda ke zaɓen hoto a daren ba fim yake haɗawa ba, allo yake ciyarwa. Mutanen zaure suna ganin dandamali gaba ɗaya da idonsu, abin da suke buƙata a allo shi ne fuska da yatsu. Shi ya sa kusan duk hoton na kusa ne, bayansa baƙi ƙirin, ba ka ganin jama'a, ba ka ganin girman wurin. Minti 50 na haka yana da kyau matuƙa. Awa uku da rabi kuwa, ido zai gaji.

Batun ruɓewa kuma gaskiya ne amma da bayani. Sinadarin da ke riƙe baƙin garin kaset yana shan laima, sai ya yi danƙo, in ka kunna ya manne a kan na'ura ya kankare. Maganinsa a gasa shi a tanda da ɗan zafi kaɗan, wajen digiri 50 da ɗoriya, na tsawon lokaci. Haka aka yi wa kaset ɗinsu lokacin aikin DVD. Kuma gashin ba ya ɗorewa, shi ya sa da an gasa ake juyewa a kwamfuta nan take.

MaiFaifai_Fagge
Injiniya na ji bayaninka. Amma juyen da aka yi a 2002 shi ma yanzu ya tsufa, na'urorin yau sun fi. Sannan ka tuna gobarar da ta tashi a ma'ajiyar Universal a Amurka a 2008, kaset na asali na mawaƙa da yawa suka ƙone ƙurmus. Abin da ke wuri ɗaya kullum yana cikin haɗari. Abin da ya shiga gidaje dubu ɗari ba mai iya ƙone shi.

Batun gajiyar ido kuma, a bar ni da idona.

Sabon_Shiga04
Don Allah kada a ji haushina, ni yaro ne a harkar. Na leƙa kwafin da ke YouTube. Akwai waƙa ɗaya da ta haura rabin awa, sannan mai ganga shi kaɗai ya yi ta bugu wajen minti 20, har da tafin hannu. Wa zai zauna ya kalli wannan yau? Ba gara yadda suka tace ba?

Uwar_Biyu
@Sabon_Shiga04 ƙanena, a 2021 an saki aikin Peter Jackson a kan The Beatles, kusan awa takwas, yawancinsa mutum huɗu ne zaune suna gwaji suna shan shayi suna gardama. Mutane sun zauna sun kalla har ƙarshe. Wanda yake so ba ya ganin tsawo.

Amma ni inda na rabu da MaiFaifai shi ne Seattle. Earls Court a sake shi, ba ni da ja. Seattle kuwa a'a. Na kalli kwafin sau ɗaya ban sake ba. Ranar 17 ga Yulin 1977 ne, muryar Plant ta dishe, shi da bakinsa ya ba jama'a haƙuri. Page ya rame har abin tausayi. Bayan kwana tara da wannan wasan aka kira Plant a waya aka ce ɗansa Karac ya rasu, yaro ɗan shekara biyar. Nan take aka soke sauran zagayen, kuma ba su sake zagayen Amurka ba har ƙungiyar ta watse. Ni uwa ce. Ta yaya za ka je wa mutum ka ce zo ka zauna ka kalli kanka a makon da ya gabaci mutuwar ɗanka, ka sa hannu mu sayar? Akwai abin da ba a tonawa.

Hajjo_KD
Yauwa Yaya. Abin da nake nufi ke nan tun farko.

Ɗan_Kantin_Kwari
Da girmamawa Hajiya, amma ai an riga an tona. Seattle yana intanet shekara da shekaru, duk mai data zai gani, kuma a mafi munin kamanni. In akwai tozarci to yanzu ake yin sa. Su kuma 'yan kwafi su ke cin kuɗin. A Japan faifan sata na Led Zeppelin sana'a ce mai zaman kanta, da kwali mai kyau da tsada. In masu abu suka fitar da nasu mai tsabta, kasuwar ɓarayi ta mutu.

Uwar_Biyu
Wani ya tona daban, kai ka tona da hannunka daban.

Lauya_Ƙarami
Ina jin daɗin muhawarar. Bari in ƙara da abin da ya shafi doka, don ana magana kamar Page ne kaɗai zai buɗe durowa ya miƙo.

Ƙungiyar ta mutum huɗu ce: Page, Plant, John Paul Jones, sai magadan Bonham. Ba a fitar da abu da sunanta sai an daidaita. Kuma mun ga yadda suke yi in abu bai yi musu ba. A 1985 ukun sun haɗu a taron Live Aid, Phil Collins da Tony Thompson suka riƙe ganga, ba a yi isasshen gwaji ba, wasan ya watse. Da aka zo fitar da DVD ɗin taron a 2004 suka ce ba da su ba, suka ba da gudummawar kuɗi a madadin hoton. Aikin agaji ne fa, amma suka ƙi. Ko wasan 2007 na zauren O2 da kowa ya yaba, sai 2012 ya fito, shekara biyar suna riƙe da shi.

Sannan wasansu cike yake da guntayen waƙoƙin wasu, kowane guntu yana da mai shi da za a nema a biya. Mawaƙin Amurka Willie Dixon ya kai su ƙara a 1985 kan waƙarsa, aka sasanta a wajen kotu, sunansa ya shiga cikin marubuta. Ita wannan doguwar waƙar ta rabin awa da Sabon_Shiga ya ambata, Jake Holmes ya kai ƙara a kanta a 2010, ita ma aka sasanta. Duk wanda zai fitar da wasa cikakke sai lauyoyinsa sun bi waƙa bayan waƙa.

Sabon_Shiga04
Barista, Live Aid ɗin ba a Wembley aka yi ba?

Lauya_Ƙarami
Wuri biyu aka yi shi a rana ɗaya, 13 ga Yuli. Wembley a Landan, da filin JFK a Philadelphia. Su a Philadelphia suka yi nasu. Phil Collins ya yi wasa a Wembley, ya hau jirgin Concorde ya tsallaka teku ya same su.

Agadez_Jita
Gaisuwa daga Agadez. Ni ta hanyar Plant na san Led Zeppelin, ba ta hanyar su na san shi ba. A 2003 ya zo Bikin Hamada a Essakane ta ƙasar Mali, can wajen Tumbuktu, ya hau dandamali ɗaya da Ali Farka Touré da Tinariwen. Daga nan masu jita na wajenmu suka fara tambayar wane ne wannan Baturen.

Abin da na lura da shi a halinsa, mutum ne da ba ya son waiwaye. Bayan wasan 2007 duniya ta so su yi zagaye, ya ƙi, ya tafi yana waƙa da Alison Krauss. Don haka ina ganin duk wanda ke jiran sa ya zauna ya kalli kaset ɗin 1975 na awa uku da rabi zai daɗe yana jira.

Amma ga wani abu. Kiɗan jitarmu na Abzinawa a kaset ya yaɗu, wannan ya kwafa ya ba wancan, daga Libiya zuwa Aljeriya zuwa Kidal zuwa nan, daga baya ya koma katin waya. Ba wanda ya nemi izini, sautin kuma duk ƙura. Ba don waɗannan kwafe-kwafen ba, da tarihin shekarun nan ya ɓace. Shi ya sa ban iya zagin mai kwafi gaba ɗaya.

Ɗan_Kantin_Kwari
Akwai mai naɗa don so, akwai mai naɗa don kasuwa. Ba ɗaya ba ne.

Zango_Kumasi
Gaskiya ne. Ku tuna Mike Millard na Los Angeles. Lafiyarsa ƙalau amma yakan shiga zaure a keken guragu, rikoda tana ɓoye a ƙarƙashin kujera. Naɗin wasansu da ya yi a zauren Forum na can ranar 21 ga Yunin 1977 har yau ana sa shi a sahun gaba, kuma ba sayarwa yake yi ba. Abin mamakin, shi Page ɗin da kansa ya ɗauki wani yanki na naɗin ya sa a DVD ɗin 2003. Ya kuma yi amfani da hotunan da 'yan kallo suka ɗauka da ƙananan kyamarori. Ke nan ya san darajarsu.

Lauya_Ƙarami
Ya san darajarsu, kuma shi ne ya je kotu a Glasgow a 2007 ya ba da shaida a kan wani mai sayar da kwafin sata. Bambancin da Ɗan_Kantin_Kwari ya faɗa shi ma shi yake bi.

Malam_Tarihi
Na karanta duka. Akwai tambayar da ba wanda ya yi, kuma a wurina ita ce babba. In sun fitar, me za su fitar?

Ku dubi tarihinsu. Fim ɗinsu na 1976, wanda aka ce wasan New York ne na 1973, an samu giɓi a hotunan. Sai aka gina dandamali irin na can a ɗakin ɗaukar fim na Shepperton a Ingila a 1974, suka hau suna kwaikwayon kansu. John Paul Jones ya riga ya yi aski, sai da ya sa gashin kanti. Faifan wasan 1972 da ya fito a 2003 kuwa dare biyu aka ɗinke, na Los Angeles ranar 25 ga Yuni da na Long Beach ranar 27, wani lokaci a cikin waƙa ɗaya. A DVD ɗin ma akwai inda hoton na Sydney ne, sautin na Long Beach.

Ban ce laifi ba ne. Page mai haɗa faifai ne tun kafin ƙungiyar ta yi suna, kunnensa ba ya barin kuskure ya wuce. Amma in ya fitar da Earls Court, zai ɗauko murya daga daren 24 ya liƙa a daren 25, ya yanke inda yatsa ya zame, ya rage kiɗan ganga. Abin da zai iso gare mu zai yi daɗi, sai dai ba daren da Baba ya gani ba ne, dare ne da ba a taɓa yi ba. Ni mai karantar tarihi ne, na fi buƙatar shaida yadda take. A farkon 1975 Page ya ji ciwo a yatsa a ƙofar jirgin ƙasa, Plant ya yi fama da mura, muryarsa ba ta kai inda take kaiwa a 1970 ba. Wannan duk yana cikin labarin shekarar. In aka goge, an goge labarin.

Injiniya_Sauti
Malam, a nan zan ɗan ja da kai. Babu naɗin da yake "yadda take". Inda ka ajiye makirfo zaɓi ne. Yadda ka ɗaga ganga ka sauke jita zaɓi ne. Kwafin da ke yawo ma sautin teburin injiniyan zaure ne, wanda aka daidaita don lasifikar wurin, ba don kunnen mai zama a gida ba. Shi ya sa yake jin bushe, kuskure ƙarami ya fito ƙato. Baba ya ce su ba su ji kurakuran ba, kuma gaskiya ya faɗa, domin a cikin zaure amsa-kuwwa da ihun mutane suna rufe su. To wanne ne gaskiyar daren? Abin da tebur ya kama, ko abin da kunnen Baba ya ji?

Malam_Tarihi
Daidaita sauti na yarda. Ɗauko murya daga wani dare ban yarda ba. In kuma an yi, a rubuta a jikin kwali cewa an yi.

Tsohon_Ɗalibi
Ni dai ko da gyara ko ba gyara, in ina raye zan saya.

Kyamara_Bauchi
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Ina karanta wannan zuciyata tana zafi. Na yi aiki a wani gidan talabijin a nan Arewa, ba zan faɗi suna ba. Da idona na ga ana ɗauko kaset ɗin wasan manyan makaɗanmu ana naɗa labaran yamma a kai, saboda babu kuɗin sayen sabo. Waɗanda suka tsira suna wani ɗaki da rufinsa ke yoyo, na'urar kunna su ta mutu ba a gyara ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Bidiyonsu nawa ne mai tsabta a hannunmu? Su can suna gardamar a saki ko kada a saki, domin abin yana nan. Mu fa?

Injiniya_Sauti
Wallahi ka taɓo inda ke yi mini ciwo. Ko da yake ba mu kaɗai ba ne, BBC ma ta goge shirye-shirye masu yawa a shekarun 1960 da 1970 don ta sake amfani da kaset. Bambancin shi ne su sun farga sun daina, har suka koma suna roƙon jama'a wanda ke da kwafi ya kawo. In akwai masu tsofaffin kaset a zauren nan, kada ku kunna su haka kawai don gwaji, musamman in sun sha damina a akwati. Kunnawa ɗaya tana iya kashe su.

Hajjo_KD
Wannan maganar ta cancanci zarenta daban. A buɗe mata don Allah, kada ta nutse a nan.

MaiFaifai_Fagge
Za a buɗe in sha Allahu. Mu dawo kan Earls Court.

Malam_Tarihi, ai akwai waɗanda suka riga suka warware matsalarka. Ƙungiyar Grateful Dead ta Amurka tun 1993 suke fitar da wasanninsu daga rumbu, da gargaɗi a jikin kwali cewa ga inda kaset ya samu matsala. Bob Dylan ya fara nasa jerin a 1991. Ba wanda ya raina su don haka, sai ma ƙarin daraja. The Rolling Stones sun ɗauki wani wasa a Disambar 1968 suka ɓoye shi har 1996, ana cewa ba su gamsu da kansu ba ne. Da ya fito shekara 28 bayan nan, mutane murna suka yi. Mai abu yakan ga aibin da ba wanda ke gani sai shi.

Su yi haka mana. Faifai ɗaya gyararre don irin su Sabon_Shiga, ɗaya ɗanye don irin su Malam.

Lauya_Ƙarami
Wani abin da ke tura mawaƙa su buɗe rumbu shi ne doka. A Turai an tsawaita kariyar naɗin sauti daga shekara 50 zuwa 70, amma ga wanda aka fitar kafin 50 ɗin ta cika. Shi ya sa a ƙarshen 2013 aka ga an saki tarin naɗe-naɗen The Beatles na 1963 ba tare da wani talla ba. Led Zeppelin ba su bi wannan hanyar ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ba lissafin kuɗi ne ke gabansu ba.

Ɗan_Kantin_Kwari
Barista, wanda ya ƙoshi ne ke zaɓen loma. Ba sa buƙatar kuɗin shi ya sa.

Uwar_Biyu
Ko kuma suna buƙatar kwanciyar hankali. Ku lura, fim ɗin tarihinsu da ya fito a 2025, wanda su ukun suka yarda suka zauna aka yi hira da su, a 1970 ya tsaya. Shekarun farin ciki suka yarda su tuna. Ƙasa da watanni uku bayan Earls Court Plant da iyalinsa suka yi mummunan haɗarin mota a tsibirin Rhodes na Girka. Daga nan abubuwa suka yi ta biyo baya har mutuwar Bonham yana da shekara 32. Mu muna ganin kaset, su suna ganin rayuwarsu.

Malam_Tarihi
Hajiya, wannan hujjar taki ita ce ma ta sa nake son Earls Court. Shi ne wasansu na ƙarshe kafin haɗarin. Bayan shi ba su sake hawa babban dandamali a Ingila ba sai Knebworth, shekara huɗu. Duk mai son ya fahimci yadda ƙungiyar take kafin komai ya juya, nan zai duba.

Sabon_Shiga04
To in dare ɗaya za a zaɓa, wanne?

Zango_Kumasi
25. Shi ne na ƙarshe, shi ya fi tsawo, sun ƙara waƙoƙi a ƙarshe da ba su yi a sauran dararen ba.

MaiFaifai_Fagge
A'a, 24. A daren 25 gajiya ta fara nunawa, kiɗan 24 ya fi kamewa. Saurari ɓangaren da Jones ke kan fiyano a dare biyun ka gwada.

Hajjo_KD
Har kun fara rabon abin da masu shi ba su ce za su bayar ba. Ni har yanzu ina nan a kan bakana: in sun ba mu mun gode, in sun hana ba su zalunce mu ba.

Agadez_Jita
Baba Tsohon_Ɗalibi, kai wane dare ka je? Kuma da gaske ne ana jin gangar Bonham a ƙirji har daga can sama?